Sirinji a kwandon shara: ƙarar fursuna William Erickson a kotunan Amurka

A garin Limon, can cikin filayen gabashin jihar Kolorado, akwai wani gidan yari na gwamnatin jiha. A nan William Erickson yake zaman kaso lokacin da likitocin hukumar gidajen yari suka tabbatar yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C, suka kuma ce yana bukatar magani. Ba a fara ba shi maganin haka kawai ba. Sai da ya halarci darussan da hukumar ta gindaya, ya cika sharuɗɗanta, sannan aka sa shi a layi. Maganin na shekara guda ne cur, kuma duk mako maras lafiya ne zai yi wa kansa allura da sirinjin da aka tanadar masa.

Bai daɗe da farawa ba sai sirinji ɗaya ya ɓace daga cikin waɗanda ake ba shi da sauran fursunoni. Gandirobobi suka bincika, suka tsince shi a kwandon sharar da kowa ke zuba shara a ciki, an yi masa wani gyara irin na masu tsira wa kansu miyagun ƙwayoyi. Erickson ya ce ba shi ya ɗauka ba. Ba su yarda ba. Aka same shi da laifin mallakar kayan shan ƙwaya a ƙarƙashin dokar ladabtarwa ta gidajen yarin jihar, daga nan likitar gidan, Dakta Anita Bloor, ta cire shi daga tsarin maganin. Wannan ya faru a 2004.

Hukumar tana da hujjarta, kuma ba hujjar banza ba ce. Ta ce maganin ba ya aiki yadda ya kamata sai maras lafiya ya nisanci ƙwaya da giya, domin hanta ta samu sararin farfaɗowa. Ƙa'idarta kuwa ita ce duk wanda aka kama da ƙwaya yana tsakiyar magani zai jira shekara ɗaya, sannan ya yi darasin yaƙi da shaye-shaye na wata shida kafin a sake duba batunsa. Wato wata 18 ke nan ba magani. Abin lura shi ne abin da aka tuhume shi da shi mallakar sirinji ne, hukumar ce ta gina zaton cewa niyyar shan ƙwaya gare shi a kan wannan.

Erickson ya rubuta ƙorafi a cikin gida, bai yi nasara ba. A 2005 ya shigar da ƙara a kotun tarayya ta Kolorado, yana ƙarar Dakta Bloor da wani jami'in hukumar mai suna Barry Pardus. Ba shi da lauya. Shi ya rubuta komai, tun daga takardar farko har zuwa wadda ta isa Kotun Ƙoli.

Ƙofar da ya ƙwanƙwasa

Dokar da ya dogara da ita tsohuwa ce. Majalisar Amurka ta yi ta a 1871, bayan yaƙin basasa, don kare baƙaƙen fatar da aka 'yanta daga ta'asar ƙungiyar Ku Klux Klan da jami'an jihohin da ke ɗaure mata gindi. A yau ana kiranta sashe na 1983, kuma tana ba kowane mutum damar kai jami'in jiha kotun tarayya idan ya tauye masa haƙƙin da kundin tsarin mulki ya ba shi. An ɗauki kusan shekara ɗari fursunoni ba sa cin moriyarta. A shekarar da aka yi ta ma, wata kotu a jihar Bajiniya ta kira fursuna bawan jiha. Sai a 1964 Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofar, a ƙarar Thomas Cooper, wani baƙar fata ɗan ƙungiyar Nation of Islam da ke tsare a jihar Ilinoi, wanda ya ce an hana shi sayen littattafan addininsa.

Batun lafiya kuwa a 1976 aka daidaita shi. Wani fursuna a Teksas, J. W. Gamble, ƙunshin auduga ya faɗo masa a wurin aikin gidan yari, ya kai ƙara da rubutun hannunsa. Mai shari'a Thurgood Marshall ya rubuta hukuncin da ya ce yin ko-oho da gangan ga babbar larurar fursuna yana cikin azaba ta rashin imani da gyara na takwas na kundin tsarin mulki ya haramta. Dalilin a fili yake: wanda ka kulle ba zai iya fita ya nemi likita ba, in kai ba ka ba shi magani ba, babu mai ba shi. Amma kotun ta ja layi. Kuskuren likita ko sakaci ba su isa ba, sai an nuna da gangan jami'in ya yi ko-oho. Gamble kansa bai ci nasara a kan likitan ba, saboda an duba shi sau 17 cikin wata uku.

Ga wanda ya saba da kotun da mai ƙara ke tsayawa gaban alƙali ya faɗi damuwarsa da baki, akwai abin da ya kamata ya sani a nan. A kotun tarayyar Amurka shari'a irin wannan a kan takarda take rayuwa, a kan takarda kuma take mutuwa. Yawanci alƙali bai taɓa ganin fuskar fursunan ba. Takardar ƙararsa ce ke zuwa, lauyoyin gwamnatin jiha su rubuto tasu suna neman a kore ta, alƙali ya karanta biyun ya yanke. Kuma babu lauyan kyauta. 'Yancin samun lauya daga aljihun gwamnati na wanda ake tuhuma da laifi ne. Wanda ya kawo ƙarar neman haƙƙi, iyakar abin da alƙali zai iya shi ne ya roƙi wani lauya ya taimaka, ba shi da ikon tilasta masa. Shi ya sa fiye da tara cikin goma na irin waɗannan ƙararrakin fursunonin ne ke tsaya wa kansu.

Abin da ya rubuta, da abin da aka ce bai rubuta ba

Takardar Erickson ba ta da wani ƙawa. Ya ce Dakta Bloor ta cire shi daga maganin ba bisa ƙa'idar hukumar ba, ta haka ta jefa rayuwarsa cikin haɗari. Ya ce an yanke maganin jim kaɗan bayan farawa alhali na shekara ne, yana nan yana bukatarsa, kuma an ƙi ba shi. Ya liƙa takardun ƙorafin da ya rubuta a gidan yari, inda ya ce hantarsa na ci gaba da lalacewa. Ya nemi diyya, ya kuma nemi kotu ta umarci a mayar da shi kan magani. Bayan wata uku shiru, ya sake rubutawa yana roƙon a gaggauta, yana cewa fursunoni da dama a gidan sun mutu da wannan ciwo, shi ma yana bakin haɗari.

Lauyoyin waɗanda ake ƙara suka nemi a yi watsi da ƙarar. Majistaren da aka miƙa wa fayil ɗin ya ba da shawarar a kore ta, wai mai ƙara bai faɗi cewa matakin likitar ya yi masa babbar illa ba. Alƙalin kotun ya amince. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta goma da ke Denver ta tabbatar da korar. Ta ce maganganunsa iƙirari ne tsura ba tare da bayani ba, kuma bai nuna cewa dakatar da maganin ya jawo masa wata illa ta daban ba, wadda ta wuce abin da ciwon hantar zai yi masa dama.

Wannan hujja tana da kamar ma'ana idan aka karanta da sauri. Amma a sake dubawa. Mutum yana da ciwo mai cin hanta sannu a hankali. Likitocinku da kansu suka ce yana bukatar magani, kuka fara ba shi, kuka yanke. Wace illa ce rashin magani zai haifar in ban da ciwon ya ci gaba da cinsa? Ai ita ce illar. Neman ya kawo wata cuta ta daban daidai yake da a hana mai ƙishirwa ruwa sannan a ce dama da ƙishirwarsa ya zo. Kuma ko da akwai hanyar rarrabe ɓarnar da ciwo ya yi da wadda jinkiri ya ƙara, aikin ƙwararren likitan hanta ne da gwaje-gwaje. Fursunan da ke kulle a Limon ba shi da hanyar samun ko ɗaya, sai fa in ƙarar ta wuce wannan mataki ta kai inda kotu ke tilasta wa ɓangarori su fito da takardunsu. An nemi ya kawo shaidar da ba zai samu ba sai an bar ƙarar ta rayu, sannan aka kashe ƙarar don bai kawo ta ba.

A matakin neman korar ƙara ba a tambayar ko mai ƙara gaskiya ya faɗa. Ƙa'ida ita ce alƙali ya ɗauki duk abin da ya faɗa a matsayin gaskiya na wucin gadi, ya tambayi kansa: in haka ne, akwai abin da doka za ta yi? Babu kotun da ta tantance ko Erickson ne ya ɗauki sirinjin. Babu wanda ya auna hantarsa a gaban kotu. An bar jaki ana dukan taiki, ana ta muhawara a kan kalmomin da ya zaɓa.

Me ya sa alƙalai ke saurin kora

Kada a ɗauka mugunta ce zalla. Ƙararrakin fursunoni suna da yawa. Kotun Ƙoli da kanta ta ambata cewa a 2005 kusan kashi 10 cikin ɗari na dukan ƙararrakin neman haƙƙi da aka shigar a kotunan tarayya na fursunoni ne masu kuka da halin da suke ciki. Wasu ba su da tushe, wasu rubutun ma ba ya karantuwa, wasu na masu taɓin hankali ne. Alƙalin da ya karanta ashirin marasa kan gado zai iya kallon ta ashirin da ɗaya da ido ɗaya.

A tsakiyar shekarun 1990 'yan siyasa suka mai da wannan abin yaƙin neman suna. Aka riƙa yawo da jerin ƙararraki na ban dariya, mafi shahara shi ne na fursunan da wai ya kai ƙara don an ba shi markaɗaɗɗiyar gyaɗar shafa wa burodi ba irin wadda ya nema ba. Wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara, Jon Newman, ya bi diddigin labarin. Ashe mutumin ya mayar da kwalbar, an yi masa alkawarin mayar masa da kuɗinsa, aka sauya masa gidan yari, dala biyu da rabi ɗinsa ta maƙale. Kuɗin ba yawa, amma ga wanda ladan aikinsa 'yan sulalla ne a awa, ba abin dariya ba ne. Gyaran bai kai inda labarin ya kai ba.

A watan Afrilun 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar taƙaita ƙararrakin fursunoni. Ta kafa shingaye da dama. Dole fursuna ya bi duk matakan ƙorafi na cikin gidan yari kafin ya je kotu, kuma a 2006 Kotun Ƙoli ta ce in ya makara da wa'adin da gidan yarin ya sa, kamar kwanakin aiki 15 na Kalifoniya a lokacin, ƙararsa ta faɗi. Ka ga ke nan wanda ake ƙara shi ke tsara ƙa'idar da za a kayar da mai ƙara da ita. Dole ya biya kuɗin shigar da ƙara gaba ɗaya ko da ba shi da ko sisi, dala 350 tun daga 2006, ana yankar kashi 20 cikin ɗari na abin da ya shigo asusunsa duk wata. Kotu za ta tace ƙarar tun kafin a kai wa wanda ake ƙara sammaci, ta kore ta da kanta in ta ga ba ta da tushe. An kuma rage ladan lauyan da ya yi nasara, abin da ya ƙara kore lauyoyi daga wannan fage.

Shingen da ya fi zafi shi ne na kora uku. Idan an kori ƙarar fursuna sau uku a kan rashin tushe ko rashin bayyana da'awa, ba zai sake shigar da ƙara a kan biyan kaɗan-kaɗan ba. Sai ya ajiye kuɗin duka a gaba, in ba yana fuskantar haɗarin mummunan rauni nan take ba. Korar da aka yi wa Erickson irin wadda ake ƙirgawa ce. Don haka kuskuren alƙali a nan ba ƙara ɗaya yake ci ba, yana cin kashi ɗaya cikin uku na damar da mutum yake da ita duk tsawon zamansa a kurkuku. Bayan dokar yawan ƙararrakin ya faɗi sosai, alhali yawan fursunoni ƙaruwa yake yi.

Ranar 4 ga Yuni, 2007

Dubban takardu ke isa Kotun Ƙolin Amurka duk shekara, waɗanda take sauraro ba su kai ɗari ba. Ba ta kuma saba karɓar ƙara don gyara kuskuren da ya shafi mutum ɗaya ba. Duk da haka ta karɓi ta Erickson, ba ta ma kira zaman sauraro ba. Ta fitar da gajeren hukunci da sunan kotun baki ɗaya, ba da sunan wani alƙali ba, ta ce kotun ɗaukaka ƙara ta kauce wa ƙa'ida kaucewar da ba za a kau da kai a kanta ba.

Ƙa'ida ta 8 ta dokokin shari'ar tarayya abin da ta nema shi ne gajeren bayani a sarari da ke nuna mai ƙara na da haƙƙi, yadda wanda ake ƙara zai san abin da ake zarginsa da shi. Kotun ta jero abin da Erickson ya faɗa: an yanke maganin shekara jim kaɗan bayan farawa, yana bukatarsa, an hana shi, rayuwarsa na cikin haɗari. Ta ce wannan kaɗai ya isa. Ta ƙara da cewa kuskuren ya fi muni ganin cewa mutumin ba shi da lauya tun farko, domin takardar wanda ya tsaya wa kansa ana karanta ta da sassauci, ba a auna ta da mudun da ake auna ta lauya, komai rashin tsarinta. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun 1972 kotun ta faɗe ta a ƙarar Francis Haines, wani dattijon fursuna a Ilinoi da aka kulle shi kaɗai na kwana 15. Shekara 35 ke nan, sai ga shi ana sake tunatar da alƙalai.

Ba duka suka yarda ba. Mai shari'a Antonin Scalia ya ce da shi ne ba zai karɓi ƙarar ba. Mai shari'a Clarence Thomas ya tsaya a kan tsohon ra'ayinsa cewa gyara na takwas hukuncin da kotu ta yanke ya shafa, ba yadda ake tafiyar da gidan yari ba.

Lokacin da hukuncin ya fito ya sa lauyoyi suka ɗaga kunne. Mako biyu kafinsa, ranar 21 ga Mayu, kotun ta yanke hukuncin Twombly, wata ƙara a kan manyan kamfanonin waya, inda ta tsaurara ma'aunin takardar ƙara, ta ce dole abin da aka faɗa ya zama mai yiwuwa a hankalce, ba zato kawai ba. Da yawa suka ɗauki hukuncin Erickson a matsayin saƙo ga ƙananan kotuna kada su wuce gona da iri. Murnar ba ta daɗe ba. A 2009, a ƙarar Javaid Iqbal, Musulmi ɗan Pakistan da aka tsare a Brooklyn da ke birnin New York bayan harin 11 ga Satumba, 2001, alƙalai biyar cikin tara suka ce tsauraran ma'aunin ya shafi kowace ƙara, kuma alƙali zai ware duk abin da ya ga iƙirari ne tsura ya ajiye gefe. Kalmar da aka kayar da Erickson da ita a Denver ta dawo da ƙarfinta. Tun daga lokacin ana yawan ganin hukunci biyun a shafi ɗaya: alƙali ya fara da cewa zai karanta takardar fursuna da sassauci kamar yadda Erickson ya koyar, sakin layi na gaba ya kawo Iqbal, a ƙarshe ya kori ƙarar. A 2020 kuma, a ƙarar wani fursunan Kolorado mai suna Arthur Lomax, kotun ta ce ko korar da aka bar wa mutum damar sake shigarwa ana ƙirga ta cikin ukun nan.

Abin da ya samu

Kotun Ƙoli ba ta ce a ba Erickson magani ba, ba ta ce a biya shi ko kwabo ba, ba ta ce Dakta Bloor ta yi laifi ba. Ta ma faɗa a fili cewa mai yiwuwa a ƙarshe ya tabbata korar ƙarar daidai ce bisa wasu dalilan da lauyoyin jiha suka kawo. Abin da ta yi shi ne soke hukuncin Denver da mayar da fayil ɗin a ci gaba. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

A lissafa kuma. An yanke maganin a 2004, hukunci ya zo tsakiyar 2007. Jiran da yake neman kotu ta cece shi daga gare shi wata 18 ne, shari'ar kuwa ta ci fiye da shekara biyu kafin a amince cewa takardarsa ta cancanci a amsa. Ga mai neman diyya jinkiri asara ce da za a iya cikewa. Ga mai neman magani, ihu ne bayan hari. A ganina nan ne ainihin ɓarnar korar gaggawa take: ko an gyara ta daga sama, lokacin da ta ci ba ya dawowa, kuma mutum nawa ne a kurkuku za su iya jan ƙara su kaɗai har hawa uku?

Ƙa'idar da aka cire shi a kanta ta ci gaba da aiki a Kolorado shekaru bayan haka. A ƙarshen 2013 aka amince da sabon maganin ciwon hanta nau'in C, ƙwaya da ake haɗiya na mako 12 tana warkar da mafi yawan masu ciwon, sai dai farashinta na farko dala 84,000 ne ga mutum ɗaya, gidajen yari suka riƙa taƙaita masu samu. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta kai hukumar gidajen yarin Kolorado kotu a madadin dukan fursunonin da ke ɗauke da ciwon, wannan karon da lauyoyi da ƙwararrun likitoci. A 2018 jihar ta yi sulhu, ta amince ta kashe dala miliyan 41 cikin shekara biyu wajen magani, ta daina sharaɗin sai an yi darasin shaye-shaye kafin a fara, ta kuma daina hana fursuna magani saboda ya karya dokar gidan yari.